Zogalen da Rana ta Shayar

Garkarmu ta Jiratawa, mahaifin yarana ne ya dasa zogalenta da hannunsa, Allah ya jiƙansa. Da guga muka fara ba ta ruwa, yana ja ina kaiwa, har shekarar da aka jawo kuran, wutar lantarki, bisa waya aka girka manyan famfuna a fadamar.

Ranar nan aka tara mu a inuwar itacen bedi. Wani masani ya zo daga Yamai, mai fara'a, mai farar riga. Ya ce wutar nan daga babban ruwa take fitowa can ƙetaren iyaka, ruwan ba ya ƙafewa, ita ma ba za ta yanke ba. Wani manomi ya tambaye shi labarin farantan rana da ya gani bisa rufin asibiti. Masanin ya yi dariya, ya ce iyakar ƙarfinsu kunna rediyo, ba su ɗaga ruwan da tunkiya za ta sha. Ba na zarginsa. Abin da ya gani ya faɗa, mu kuma muka tafa masa. Na koma gida na rataye gugan a zaure.

Shekaru suka wuce, mai gidan ya tafi ya bar mini maza biyu. Babban, wanda ba na kama sunansa, shi ke noman garkar. Auta kuwa yana da shago a Sabon Garin Maradi inda ake cajin tarho, rufinsa duk farantan rana.

Sai sojoji suka karɓi mulki. Aka rufe iyaka, maƙwabta suka yanke wutar, famfunan Jiratawa suka yi shiru. Gari ya rabu, gidana ma ya rabu. Babban ya ce ƙasa ta samu kanta, a daure. Auta ya ce waɗanda aka zaɓa a bar su su ƙare wa'adinsu, ga kasuwa ta mutu. A wurin suna a Tsibiri, gidan 'yar'uwarsu, abin ya fashe gaban baƙi.

Babban ya ce, "Kai dai Nasara ya gama sayenka."

Auta ya ce, "To Yaya, in yunwa ta zo ka dafa tutar ƙasar ka ci."

Daga ranar ba su sake haɗa kwano ba.

Zogale kuwa bai san tuta ba. Ganyensa ya soma rawaya yana zuba. Babban yana da ƙaramin famfo mai shiga rijiya, ba shi da wutar tada shi. Auta yana da wutar, ba shi da niyyar takawa garkar. Na yi wa babban magana, ya ce ƙane ke zuwa wurin wa. Na yi wa Auta, ya ce ba ya kai kayansa inda aka kira shi bawan Nasara.

Wata safiya na sauke gugan nan, na shafa masa mai, na ɗaura sabuwar igiya. Na bi ta tasha da shi bisa kaina, inda kowa zai gani. Duk wanda ya ce, "Inna, ina zuwa da guga?" sai in ce, "Zogalen mijina ke jin ƙishirwa."

Na isa tsohuwar rijiya na soma ja. Gugan na tahowa, rabin ruwan na komawa inda ya fito. Matan da ke tsinkar ganye suka tsaya suna salati. Ɗaya ta ɗauko tarho. Kafin rana ta take, labari ya kai Maradi cewa tsohuwa mai manyan ɗiya biyu na jan ruwa da hannu.

Babban ya riga zuwa, a guje, ya kama igiyar.

"Inna, so kike a zage mu a gari?"

Na ce, "Sakar mini igiya. Ku je ku ƙare gardamarku, ƙasa na jiranku."

Can sai ga amalanke, Auta na biye, farantan shagonsa ɗaure a kai. Ya kwance su daga rufin, ya rufe shagon. Bai dubi wansa ba. Ya ce, "Yaya, ina famfon naka mai kishin ƙasa?"

Babban ya ce, "Yana nan yana jiran wutar iyayen gidanka."

Suka durƙusa tare, ɗaya na riƙe waya, ɗaya na murɗawa, bakinsu bai huta ba. Ni na zauna a gindin zogale na zuba ido ga bakin tiyo. Ya yi tari, ya tofar da laka, sannan ruwa ya taho fari tas, ya bi kwalbati yana shiga layi bayan layi. Ranar da ke kashe ganyen, ita ce ta ɗago masa ruwa.

Har yau ba su daidaita kan sojoji ba. Ran Juma'a suna zuwa, su zauna kan tabarma ɗaya, su yi ta musu har in kore su. Amma kwaɗon da ke gabansu na zogalen ubansu ne, kore shar, kuma ba itace ɗaya da ya mutu.