Takarda Mai Yatsu Uku

Ranar da likitan ido na Doso ya ce ganin Inna zai yi ta raguwa har ya ƙare, kuma babu aikin da zai tsayar da shi, na fi ta shiga damuwa. A motar dawowa Dogon Dutsi ina ta haɗiye hawaye, ita kuwa tana cinikin ƙuli-ƙuli ta taga. Sai da muka yi nisa ta juyo ta ce, "Auta, na ga duniya iyakar gani. Abu guda ɗai ya rage mini. Ina son in ga ubanka cikin sinimar ga tun idona na da sauran aiki."

Babana ya rasu ina goye. Hotonsa ɗaya ne tak, na jikin katin ɗan ƙasa, shi ma gara ta cinye shi tun kafin in yi wayo. Amma a shekarar aurensu da Inna wani mai shirya fim, ɗan Arewar nan tamu ta Dogon Dutsi mazaunin Yamai, ya zo ƙauyenmu can wajen Sukukutane ya yi wata biyu yana ɗaukar fim a kan masu haƙar rijiya. Babana mahaƙin rijiya ne, ya fito a ciki. Fim ɗin ya yi suna a ƙasashen waje, har ana karantar da shi a jami'o'i. A ƙauyenmu kuwa sau ɗaya aka taɓa nuna shi, a bangon lakkwal, wato makarantar boko, ranar Inna tana da kwana uku da haihuwar yayata. Tsofaffi suka hana ta fita. Daga ɗaki ta riƙa jiyo dariyar mutane, kuma ba ta yafe wa tsofaffin nan ba har suka mutu.

Ni malamin Faransanci ne a kwalej, kuma a lokacin ina ji da kaina a kan duk abin da ya shafi takarda. Na ce mata, "Inna, wannan aikin masu boko ne. Ki bar shi hannuna, sati biyu ya isa." Ta ce, "To, Mushe." Haka ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, ita kuwa ba ta kirana Mushe sai in tana yi mini dariya a ciki.

Na fara da waya. Abin da na samu guntun minti ɗaya ne, dishi-dishi, ba ka bambanta mutum da jaki. Daga nan na gano wani gidan adana tsofaffin finafinai a Turai da ya gyara fim ɗin ya fito tas. Na rubuta musu wasiƙa da Faransancin da nake ajiyewa don manyan lokuta. Wata mata ce ta amsa, cikin ladabi ƙwarai. Ta ce fim yana hannunsu, amma ajiya kawai aka ba su. Mai fim daban, mai ikon nuna shi daban, kuma ba za su saki kwafi ba sai da izinin mai iko. Wane ne shi? Ta ce su ma shekaru suke nema, in na same shi in taimaka in gaya musu.

Na kai wa kawuna labari, ƙanen Inna, manomi ne. Ya saurara ya ce abin ai bai da wuya, gona ce: akwai mai ita, akwai wanda ya ara, akwai mai jiranta. "Ka tahi wurin masu ita da goro, kamar mai biɗar aron gona. Kada ka tahi hannu sake da Turancinka." Na yi dariya, amma na sayi goron.

Da hutu ya zo na shiga Yamai. Mai fim ɗin ya daɗe da rasuwa, matarsa ma ta riga shi. Bayan kwana uku ina tambaya daga gidan rediyo zuwa majalisar tsofaffin ƴan wasa, aka kai ni gidan babban ɗansa, tsohon ma'aikacin gidan waya. Ya karɓi goro, ya ji abin da ya kawo ni, ya shiga ɗaki ya fito da faffaɗan gwangwanaye biyu masu tsatsa. A nan na ji yadda aka yi. Da aka zo rabon gado, an tarar da fim ɗin cikin gwangwani bakwai, ƴaƴa kuwa maza uku da mace ɗaya. Malamin da ya yi rabon bai sha wata wahala ba: kowane namiji biyu, mace ɗaya. Tun daga ranar kowannensu ya ɗauka abin da ke cikin gwangwaninsa na fim ɗin nasa ne. Babban ya ce, "Na farko da na biyu ke wurina, to farkon fim nawa ne, kuma na ba ka shi." Muka buɗe ɗaya, warin tsami ya buge mu, abin da ke ciki ya manne ya zama dunƙule. Ya sa hannu a takardar izinin da na rubuta, ya faɗa mini inda ƙannensa suke.

Ɗa na biyun ya ba ni haushi, domin ashe a Dogon Dutsi yake, mai shagon kayan gini da nake wucewa ta ƙofarsa kullum in za ni aiki. Mutum ne mai gemu da ɗangalallen wando, ya ce shi ba ruwansa da sinima, amma tunda don tsohuwa ne, in kawo biro. Gwangwanayensa suna kan kanta, ɗaya cike da ƙusa ƴar inci biyu, ɗaya ƴar inci huɗu. Na ukun yana Dogon Kiriya yana allurar dabbobi. Damina ce, mota ta kafe a yashi, na ƙarasa a amalanken shanu da takardata cikin leda a ƙarƙashin riga.

Autarsu tela ce a Tibiri, kuma ta fi su duka baki. Gwangwaninta cike yake da maɓallai. Ta karanta takardar sau biyu, ta ce, "Malam, ƙarshen hilim ɗin nawa ne. In ban sa hannu ba sai ku kalla ku tashi ba ku san ko an samu ruwa a rijiyar ba." Sai da na sha fura na ba ta labarin Inna tun daga farko sannan ta sa hannu. Da zan tafi ta karɓi lambar wayata, ta ce in riƙa gaya mata yadda ake ciki.

Na aika sa hannu huɗu Turai ina jin na gama. Amsa ta zo bayan sati uku. Matar ta yi murna, ta ce yanzu sun san magada, abin da suka kasa shekara da shekaru. Sai dai marigayin ya ba wani kamfani ikon nuna fim ɗin tun yana raye. Kamfanin ya rufe, wani ya saye kayansa, shi ma wani ya haɗiye shi. Na rubuta wa na ƙarshen har sau huɗu kafin wani lauyansu ya amsa da layi biyu, cewa za su duba.

Suna dubawa aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, aka shiga rani. Inna ta daina zura zare a allura. Daga baya ta daina tsintar tsakuwa a wake. Wata rana na shigo gida da hantsi, ta ɗaga kai ta dube ni sosai, ba ta gane ni ba sai da na yi sallama, sannan ta ce, "Ashe kai ne." Tsoro ya kama ni ranar, kuma na ji kunyar sati biyun da na yi mata alkawari. Ita ba ta taɓa tambayata ina aka kwana ba, wannan ya fi damuna.

Ana haka matar Turai ta turo mini hoton tsohuwar yarjejeniyar da marigayin ya yi da kamfanin farko. Ta ja layi a ƙarƙashin wata jimla da ke cewa ikon kamfanin bai shafi abin da aka ƙulla da mutanen ƙauyen ba, a dubi takardar da ke haɗe. Takardar kuwa ba ta haɗe, kuma ba wanda ya taɓa ganinta. Na kira telar Tibiri na karanta mata. Ta ce ta tuna. Babansu yakan ce shi aron ƙauyenmu ya yi, kamar yadda ake aron gona, kuma mai aro ba ya shekara bai kai wa mai gona dami ba, don kada a manta ta wane ce. Shi ba shi da gero, sai ya riƙa aika buhun gishiri duk shekara har ya rasu.

Na san gishirin nan. Ina yaro duk bayan girbi yake zuwa daga Yamai, a raba gida-gida a ƙoƙo, ana ce da shi gishirin sinima. Na sha miyarsa shekaru ban taɓa tambayar dalili ba.

Na hau babur zuwa ƙauye. Maigari na yanzu jikan na wancan lokacin ne. Ya zazzage mini jakar takardunsa duka a tabarma, na haraji, na allurar shanu, na rikicin burtali, babu ita. Tsofaffi biyu sun tuna an dangwala yatsa a wata takarda, amma ɗaya ya ce ta rijiya ce, ɗayan ya ce ta zaɓe ce, suka kama musu na bar su suna yi.

Na dawo da la'asar, jikina duk yashi, na zauna kusa da Inna a gindin bedi. Karo na farko na ba ta labarin duka, tun daga gwangwanaye har zuwa jakar maigari, don in nemi gafara. Ta saurara tana murza carbi. Da na kai ƙarshe ta ce, "Takarda mai yatsu ukku?"

Na ce, "Wace?"

"Ɗauko mini adakata."

Adakar ƙarfe ce ta babana, na san ta tun ina rarrafe. Ta laluba ƙasanta ta fiddo wani ƙunshin farin ƙyalle da na sha gani, wanda duk rayuwata na ɗauka laya ce. A ciki takarda ce guda, an buga ta da tafireta, ta yi ja don tsufa. Layi shida ne na Faransanci mai sauƙi, wanda ɗan ajina na farko zai karanta. Mutanen ƙauyen suna da ikon nuna fim ɗin a ƙasarsu kyauta, duk lokacin da suka so, su da jikokinsu. A ƙasa sa hannun marigayin, sai yatsu uku.

Ta ɗora yatsanta a kan na tsakiya ba tare da ta duba ba. "Wanga na ubanka ne. Maigari ya ba shi ajiya don shi ɗai ad da adakar ƙarhe a garin. Ni ban san mi ta ce ba. Yatsanai nika ajiya."

Na ce, "Inna, shekara guda ina yawo. Mi ya hana ki hwaɗa mini?"

"Ka tambaye ni? Kai ka ce aikin masu boko ne, Mushe."

Na ɗauki hoton takardar na aika. Matar Turai ta amsa washegari, har da cewa ta karanta wa duk ofishinsu. Lauyan kamfani, wanda ya yi wata biyar yana dubawa, ya amince cikin kwana biyu. Sauko da fim ɗin ya ci mini yini guda a shagon intanet, wuta tana zuwa tana ɗaukewa.

Muka sa ranar Asabar da hantsi, domin da safe idon Inna ya fi kama haske. Wani abokin aikina Kirista ya aro mana na'urar haskawa daga majami'arsu, ya kuma zo da kansa don bai yarda da hannuna ba. Muka toshe tagogin ajin lakkwal na ƙauye da tabarmi da barguna. Magada uku sun zo. Mai shagon kayan gini ya ce ba zai shiga ba, amma shi ya kawo janareta ya zauna a waje yana gadinsa. Telar Tibiri ta iso da buhun gishiri a bayan babur, ta ce an yi shekaru ba a kawo ba.

Na ajiye wa Inna kujera dab da bango, inda ba mai lafiyar idon da zai iya zama. Aka fara. Aji ya rikice da surutu, wannan ya ga kakarsa, wancan ya ga tsohuwar kukar da ta faɗi. Ni idona yana kan Inna. Mutane suna wucewa a bango ƙanana, tana ta kanne ido. Ina cewa a raina mun makara.

Can wajen tsakiya aka nuno bakin rijiya, ana jan igiya. Wani mutum ya fito daga ciki, laka har wuya, sai fuskarsa ta cika bangon gaba ɗaya, ta kai girman ƙofa. Ya share goshi, ya dubi wani a gefe, ya yi dariya. Akwai wushirya a haƙoransa. Ban san yana da wushirya ba.

Inna ta miƙe tsaye, inuwarta ta rufe rabin haɓarsa. Ta ce, "Tsai da shi nan." Abokina ya tsayar. Ta daɗe tana kallo, daga goshi zuwa gemu, tana bi a hankali kamar mai duba zane kafin ta saya. Ni kuwa ina bayanta ina kuka a gaban yaran ƙauyen da na koyar a kwalej, ban kuma damu ba.

Wani daga baya ya gaji ya ce a ci gaba mana. Maigari ya ce da shi ya yi haƙuri, takarda ta ce duk lokacin da muka so.

Sai da ta ƙoshi sannan ta laluba ta kamo hannuna, ta jawo ni kusa da bangon. "Auta, matso ku gaisa," ta ce. "Kuma ka dubi kunnuwan nan da kyau. Na sha hwaɗa maka ba wurina ka samo naka ba."