Na Fito Daga Kurkuku, Na Shiga Rigar Ɓarawo

Edita, bayan gaisuwa, ga wani abu da ya daɗe yana cin raina, ina so masu karatu su ji shi.

A shekarun da aka gina madatsar ruwan Tiga, ni saurayi ne mai ƙarfi da saurin fushi. Ruwa ya cinye ƙauyenmu, aka mayar da mu sabon wuri, aka yanka wa kowa gona. Gardama ta tashi tsakanina da maƙwabcinmu a kan iyaka, na ɗaga fartanya na ji masa rauni a kafaɗa, alƙali ya ɗaure ni. Laifina ke nan. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Da na fito, sai gari ya yi mini ƙunci. In na zauna a majalisa hira ta mutu, masunta kuma suka ƙi ɗaukata a kwalekwalensu. Ana cikin haka wani dattijo da muka yi zaman gidan yari tare, wanda yakan ba mu dariya da kwaikwayon gandurobobi, ya aiko in same shi a Tudun Wada. Ya tara mu, duk tsofaffin fursunoni, ya ce mu riƙa yin wasan kwaikwayo ranar kasuwa, muna nuna wa jama'a ƙarshen mugun hali. Da aka zo rabon wasa, ya dube ni ya ce ƙirata ta dace da ɓarawo. Na yi dariya na karɓa, don a ranar ko jaki aka ce in zama da na yarda.

Wasan ya karɓu. Muka yi Kiru, muka yi Bebeji, har Riruwai wajen masu haƙar kuza. Kullum ni ne mai satar akuya, a kama ni, a yi mini dukan wasa, a ja ni gaban alƙali, mutane suna tafi. Na samu abin sawa a baki, har na ɗinka riga. Amma sannu a hankali sunana ya ɓata, sai dai a ce ga ɓarawon akuya nan. Masu talla suka fara janye farantinsu in na matso. Ranar da akuya ta ɓata da gaske a Kiru, masaukinmu aka fara zuwa, jakata kuma aka fara zazzagewa.

Wata rana muka yi wasa a Tiga, ban san mahaifiyata tana cikin taro ba. Ana jana a ƙasa na hango ta, ta rufe fuska da mayafi ta juya. A gida ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi ɗaurin farko ta san ranar ƙarewarsa, wannan kuwa wa zai gaya mata ranar da zan fito?

Na roƙi dattijon ya ba ni alƙali ko sau ɗaya. Ya yarda, muka gwada a Doguwa. Ina fitowa da rawani taro ya kece da dariya, ana cewa ɓarawo ya sato rawani, suka hana wasa tafiya sai da na koma cikin tsummokarana. Bayan an watse dattijon ya ba ni haƙuri, ya ce in dubi sauran 'yan'uwa, da wannan wasan suke ciyar da iyali. Haka na ci gaba shekaru. In na bari babu mai ɗaukata aiki, in na zauna ni ne ɓarawo duk ranar kasuwa. Sai da ya rasu muka watse, na koma noman rani. Mahaifiyata ba ta ga wannan ranar ba.

Ba na zargin dattijon, Allah ya jiƙansa, shi ya miƙo mini hannu lokacin da kowa ya janye nasa. Amma ina jan kunnen duk wanda ya fito daga ɗauri, kada yunwa ta sa ya karɓi sunan da ba nasa ba. Ku kuma masu kallo, in an gama wasa ku bar mutum ya tuɓe rigar. Ni na tuɓe tawa tuntuni, har yau yaran da ba su taɓa ganin wasan ba da ita suke kirana.