Waƙoƙin da na goge da hannuna

Shekara bakwai ke nan ko takwas, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, don haka abubuwa da yawa sun dushe mini. Ba zan iya rantsuwa a kan ranar da aka yi kaza ba, ko a kan wanda ya fara magana a wani zama. Abin da nake da tabbaci a kansa kaɗan ne, kuma yawancinsa abin da ni da kaina na aikata ne.

Abokina ne tun firamare. Asalinsu wani ƙauye ne a wajen garin Babban Mutum. Da mahaifinsu ya rasu sai suka dawo Daura, shi da mahaifiyarsa da yayansa. Ni na ci gaba da karatu har jami'a, shi kuwa ya tsaya a aji uku na sakandare ya koyi gyaran babur. Yana da rumfa a bakin hanyar da ta nufi Mai'adua, inda 'yan acaɓa suke tsayawa a ɗaure musu sarƙa ko a canja musu fulogi. A bayan rumfar akwai bishiyar darbejiya, kuma a reshenta yake rataye gurminsa cikin tsohon buhun taki.

Ban san wanda ya koya masa kiɗan gurmi ba. Ya taɓa ce mini wani kawunsu ne maharbi, wata rana kuma ya ce ba wanda ya koya masa. Gurmin tsirkiya biyu gare shi kamar na kowa, sai a shekararsa ta ƙarshe ya ƙara ta uku. Wayar birkin babur ya warware ya zaro sili ɗaya ya ɗaura. Tsofaffin makaɗa biyu da suka gani sun yi masa dariya, ɗaya ya ce wannan ai ba gurmi ba ne, kayan gareji ne. Ni ban san kiɗa ba, ba zan ce ya yi daidai ko ya ɓata ba. Amma idan ya taɓa wannan siririyar wayar, wani sauti yake fita a saman sauran biyun, kamar mace tana amsa wa maza, kuma na sha ganin ɗan acaɓa ya kashe mashin ya zauna alhali an gama masa gyara.

Ba ya yi wa kowa kirari. Waƙoƙinsa a kan abin da yake gani ne. Akwai ta wata mai fura a tasha wadda ta san kowane direba da tarinsa. Akwai ta rijiyar ƙauyensu da ake ƙara wa igiyarta tsawo kowace shekara. Akwai wadda ya jera sunayen garuruwan da ke kan hanya har iyakar Nijar, kowane gari da abin da ake tsokanar mutanensa da shi, kuma ita ce mutane suka fi so. Wani mai situdiyo a Kano ya ji labarinsa ya ce ya zo, amma ya ajiye gurmin, za a buga masa fiyano kamar kowa. Bai je ba. Ya ce sai ya gama sanin tsirkiyar nan ta uku tukuna.

Da na dawo daga bautar ƙasa ban samu aiki ba, sai na riƙa zuwa rumfarsa ranar Juma'a bayan la'asar. Ni na fara ɗaukar waƙoƙinsa a waya. Idan na koma gida in zuba a kwamfutar da na saya don rubuta kundin kammala digiri, in sa wa kowace waƙa suna da lamba. Farfesa yake ce mini.

"Farfesa, na'urar taka ta shirya, ko sai ta yi alwala?"

Kafin ya fara kowace waƙa sai ya yi sallama, ya gaida masu sauraro kamar yana gidan rediyo, alhali mu huɗu ne ko biyar a kan benci. Wani lokaci ya tsaya a tsakiya ya yi wa wani ɗan acaɓa tsiya, ya ci gaba. Duk wannan yana cikin abin da na ɗauka. Waƙoƙin sun kai goma sha huɗu, ko sha biyar. Uku daga ciki na tura wa mutane da izininsa. Sauran ya ce in riƙe, ba su nuna ba.

Da damina ya kwanta. Zazzaɓi ne, aka ce. Kwana huɗu ko biyar ya yi, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Ina jin bai kai shekara ashirin da takwas ba.

A zaman makoki na ji mutanen da na sha gani suna kaɗa kai a gindin darbejiyar nan suna cewa Allah ya yafe masa kiɗan da ya yi. Wani da na san ya taɓa roƙonsa ya sake waƙar garuruwa sau uku a zama ɗaya, shi ne ya fi kowa tsawaita wannan addu'ar. Na ce amin tare da kowa.

Ranar addu'ar uku yayansa ya ja ni gefe. Mutum ne mai kirki, yana sayar da hatsi, bai taɓa son kiɗan ƙaninsa ba amma bai taɓa hana shi ba. Ya ce ya ji ni ne mai ajiyar waƙoƙin. Ya ce duk lokacin da wani ya kunna waƙar mamaci, zunubin yana bin sa har kabari, kuma mu da muke da rai mu ne za mu tsayar masa da shi. Ya ce Inna ma abin da take so ke nan. Inna muke ce wa mahaifiyarsu, har ni.

Na je na tambayi malamai biyu, domin ni ba malami ba ne, kuma har yau ba na ce na san hukuncin ba. Na farko ya ce a goge, babu wata magana. Na biyu ya tambaye ni abin da ke cikin waƙoƙin, ko akwai batsa ko zagi ko abin da ke kai mutum ga saɓo. Na ce babu, sai tsokana. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, shi dai ba zai ce mini wajibi ne in goge ba, kuma ba zai ce mini in riƙe ba. In yi wa mamacin addu'a da sadaka. Na fito daga zaurensa ina lissafi irin wanda na saba yi a kan komai. Idan na riƙe kuma na farkon ne ke da gaskiya, abokina ne zai sha wahala a inda ba zai iya kare kansa ba. Idan na goge kuma na biyun ne ke da gaskiya, me aka rasa? Waƙa ce kawai. Haka na gaya wa kaina, waƙa ce kawai.

Abin da ban yi ba shi ne in shiga cikin gida in tambayi Inna. Gidan cike yake da mata masu ta'aziyya, na ji nauyin shiga da irin wannan magana. Na ce ai ɗanta babba ya riga ya faɗa.

Na goge na waya. Na buɗe kwamfuta na goge, sannan na shiga kwandon sharar kwamfutar na kwashe shi tas, don na san abin da aka jefa a can yana iya dawowa. Na tuna akwai memori da na taɓa kwafa a kai saboda tsaro, na nemo shi na wanke. Da a nan na tsaya, da wataƙila da sauƙi. Amma ni mutum ne da ba ya barin aiki rabi. Na zauna na rubuta sunayen duk wanda na tura wa waƙoƙin nan uku, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na je wajen masu tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa na roƙe su. Ba wanda ya yi mini gardama. Da ka ce don mamaci ne, sai mutum ya miƙo wayarsa.

Mutum ɗaya ne ya tsaya. Wani Ibo ne mai shagon kayan gyaran babur, wanda abokina yake sayen kaya a wurinsa. Ya daɗe a Daura, Hausarsa ta fi ta wasu. Waƙar garuruwa ce ƙarar kiran wayarsa. Na yi masa bayani, ya dube ni ya ce a garinsu ranar da mawaƙi ya mutu ne ake kunna shi da ƙarfi. Ya ce, "Malam, wannan yaro ya zage ka ne?" Na ce a'a, abokina ne, shi ya sa. Sai ya ce addininku ne, ba zan shiga ba. Ya ba ni wayar ya juya baya yana jera kwalaye. Ni na danna.

Gurmin kuwa ban san inda ya shiga ba. Wasu sun ce yayansa ya fasa, wasu sun ce ruwa ne ya ruɓar da shi a jikin bishiyar. Ban bincika ba.

Bayan kamar shekara uku, lokacin na samu koyarwa a wata makaranta, Inna ta aiko a kira ni. Idonta ya fara rauni. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini faɗan rashin aure. Sannan ta ce ta fara manta muryarsa. Fuskar tana nan, in ji ta, amma muryar idan ta nema sai ta ji ta yayansa. Ta ce an gaya mata ina da shi a cikin na'ura, in kunna mata ko kaɗan ne.

Na ce, "Inna, ai an goge. Yaya ya ce ke kika ce."

Ta ajiye gyaɗar. Ta ce ita dai ta tuna an zo an yi mata wata magana a kwanakin makokin, ba ta ma gane kanta ba, ta ce a yi duk abin da ya fi masa alheri. Ba ta san abin da za a yi ke nan ba. Ba na zargin yayansa da ƙarya. Mai yiwuwa haka ya fahimce ta, kuma mai yiwuwa ni ma da haka zan fahimta.

Ta ce, "To ba waƙar ba. An ce yana sallama kafin ya fara. Ita ma?"

Na ce ita ma.

Ta ɗauki gyaɗarta ta ci gaba. Na zauna ina jira ta yi mini faɗa, ba ta yi ba. Can ta ce in gaida gida.

Tun daga ranar nake nema. Na kai kwamfutar wajen masu gyara a Katsina, suka ce an daɗe, an rubuta wasu abubuwa a kai. Na koma kan takardar sunayen nan, wadda na tarar na adana ta da kyau a cikin fayil ɗin takardun makarantata, na sake bin mutanen. Kowa ya ce ai kai ka goge mana. Wayoyinsu cike suke da waƙoƙin wasu, rayayyu da matattu, ba wanda ya bi su ya roƙa. Na yi ƙoƙarin rubuta baitocin da na tuna. Na samu layi shida daga waƙa goma sha huɗu, kuma biyu daga ciki ina shakkar ni na ƙirƙira. Sautin tsirkiyar ta uku kuwa babu yadda za a yi in rubuta shi. Ban sani ba ko da ya rayu da ya zama wani abu. Wataƙila da ya gaji ya koma gyaran babur kawai. Amma yanzu babu wanda zai iya saurara ya ce e ko a'a, kuma ni na yi wannan aikin, a tsanake, ina ganin ina kyautata masa.

Inna tana nan da rai, ta tsufa sosai. Waɗanda suka zauna a kan bencin nan sun san wanda nake nufi ko da ban faɗi suna ba. Idan na yi kuskure a adadin waƙoƙin, ko a ciwon da ya yi ajalinsa, ko na ɗora wa wani maganar da ba tasa ba, ina roƙo a sanar da ni in gyara, musamman yayansa idan wannan ya kai gare shi. Idan kuma akwai wanda ya ɓoye mini wayarsa a wancan lokacin, ko yake da tsohon memori a cikin akwati, don Allah ya duba. Ba zan yaɗa ba, ba zan ma riƙe ba idan bai yarda ba. Tsohuwa ɗaya zan kunna wa.