Ƙyallen Inna a firijin Baba Idi

Jiya na shiga shagon Baba Idi a unguwar Alsawra zan sayi ruwan sanyi. Yana buɗe firij sai na hango ƙyallen mayafin Innata, shuɗin nan mai furanni, ɗaure a jikin wani ƙarfe na ciki. Ga shi tun kafin azumi ta rasu.

Kun san halin wutar Omdurman, sai ta ga dama take zuwa, a mulkin sojan nan kuwa wa za ka kai wa kuka? Ita kuma allurar ciwon suga, irin wadda Inna take yi, ba ta son zafi. Wata nas a asibitin unguwarmu ce ta bi masu shagon da ke da janareta, ta roƙe su su ba marasa lafiya gefe a firij. Tsofaffinmu ba sa iya karanta sunan jikin kwalba, sai kowa ya yago bakin tufarsa aka ɗaura a inda ake ajiye tasa.

Na ce, "Baba, ai mai wurin ta tafi."

Ya ce, "'Yata, wurin na ba wata tuni. Ƙyallen ne hannuna ya ƙi kwancewa."

Ruwan da ban sha ba ke nan.

Akwai irin Baba Idi a unguwarku? Ku ambace shi, mu sa masa albarka.