Ranar da Malam ya kira sunana a bayan rumbu

Mutumin da ya kira sunan matarsa idonsa na kan salula, wato wayar hannu, shin matar ya kira ko salular? Na tambayi limamin unguwarmu, ya yi ta dariya bai ba ni amsa ba. Wanda ya san amsar kuwa ya kwanta dama, damina biyu ke nan. Rubuta yadda na faɗa, sakatariya, kada ki gyara mini baki. In kin ga na tsaya ina share ido, ki jira ni, ba na ɓoye kukan mijina. Ku kuma sababbin shiga ƙungiya, ku matso ku ji.

Ba ni mantawa da safiyar nan har in koma ga Allah, amma bari in faro daga tushe. Sunana Tsahara, 'yar Sassumbrum, aure ya kawo ni Dungas. Shekara arba'in da ɗoriya ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ga wanda bai san aikin ba: a soya gyaɗa sama-sama, a murje ɓawon, a kai niƙa, a tuƙa da ruwan zafi har mai ya taso, a matse. Abin da ya rage shi ne tunkuza. Ita ake sa wa gishiri da citta da barkono, a murza, a toya. A lokacin mata shida ke aiki tare da ni a tsakar gidanmu.

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana aikin kai takardu daga biro zuwa biro, wato ofis-ofis, a Magaria. Da ya ajiye aiki sai ya dawo mana da ciwon gwiwa da son manyan muƙamai. Ya naɗa kansa direkta, ni ya ba ni shef, wato shugabar suya. Da jakinmu ya nemi muƙami, da ya samu. Aikin direkta shi ne riƙe salula, da kai kaya tasha, da ɗanɗana ƙuli fiye da yadda aikin ya buƙata.

Abu guda ku sani, bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce uwargida, ga shi kuma sunan mahaifiyarsa gare ni. "Ke" yake cewa. In yana cikin nishaɗi ya ce "'yar mutanen Sassumbrum".

Ɗiyarmu ta uku, Rabi, tana aikin ordinatar, wato kwamfuta, a Magaria. Ita ta buɗe mana shafi a intanet, wato rumfa a kasuwar cikin waya. Direkta ne ya tsara abin da za a rubuta. Ya sa wa shafin suna Etablisma Malam da 'Ya'yansa, Shige da Fice, wai Etablisma shi ne kamfani da Faransanci. Hoton kuma nasa ne cikin babbar riga, ya jingina da babur ɗin maƙwabci. Ko ƙuli ɗaya babu a ciki. Wata takwas muna jira, mutum ɗaya ya kira, shi ma tayar babur yake nema.

Bayan girbin gyaɗa, ranar kasuwar Dungas, sai ga Hajiya Zuwaira, tsohuwar mai sayen kayana da ta koma Yamai da zama. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Tsahara, tsufa ne ya kama hannunki? Ƙulin da kika aiko mini ya kusa raba ni da haƙorin Makka."

Na ce, "Hajiya, ni ban aika miki komai ba."

Ta ciro salularta ta nuna mana. Ashe ta ce wa wayar "ƙulin Tsahara na Dungas", wayar ta kai ta shafin wani ɗan kasuwa a Damagaram wanda ya rubuta sunana ɓaro-ɓaro a kan kayansa. Ranar ban iya cin tuwo ba. Ni ba gona gare ni ba, ba shanu. Sunan nan shi ne abin da na tara, ga wani yana sayar da duwatsu da shi.

Ran Asabar Rabi ta zo a kabu-kabu. Malam ya tare ta da faɗa. "Mu ma ba muna da shafi ba? Me ya hana waya ta kawo Hajiya wurinmu?"

Ta ce, "Baba, abin bincike na cikin waya kamar dillali ne a kasuwar dabbobi. In mutum ya ce masa yana neman jar akuya, wurin mai jar akuya zai kai shi. Ba ya tambayar wa ya fi babbar riga. Abin da mutane ke faɗa da bakinsu yake dubawa, ya ga shafin wa ke da shi, sai ya ɗora shi a sama. Mutane kuma na sama suke taɓawa, ba sa gangarawa ƙasa."

"To, su nemi Etablisma mana!"

"Baba, wa ya taɓa jin kwaɗayin Etablisma?"

Matan suya suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya.

Rabi ta ce dole a sa sunan kaya, da sunan gari, da sunan da masu saye suka sani. Ita ma ba ta iya furta sunan, ɗiya ba ta kiran sunan uwarta, sai ta nuna ni da haɓa. Malam ya miƙe tsaye, ya manta da gwiwa.

"Sunan iyalina a bainar duniya? Kowane ƙato ya riƙa kira?"

Na ce, "Direkta, kullum direbobi na kiran sunan nan a tasha, kai kake cewa ga ƙulin nan. Sunan da kake ɓoyewa a ɗaka, ga shi can Damagaram yana karya haƙoran mutane. In ba ka yarda ba, gobe ka nemi wata shef."

Ya koma ya zauna, ya ce, "A sa. Amma ni ban gani ba."

Kwana biyu Rabi ta yi tana gyara. Ta sauke babbar riga ta sa hoton farantin ƙulina da hannuna a gefe. Ta rubuta yadda muke toyawa, da Hausa da Faransanci. Ta sa lambar Malam da kwatancen gida, ta roƙi su Hajiya Zuwaira su rubuta shaidarsu a ƙasa. Ta ce a riƙa ƙara sabon hoto, don dillalin ba ya son rumfar da ta yi yana. Ta kuma ce sai mun yi haƙuri, hawa sama ba na kwana ɗaya ba ne. Sannan ta koma bakin aikinta.

Haƙuri kuwa shi ne abin da direkta ba shi da shi. Ajami ya sani, bai iya rubutun boko ba, sai Rabi ta nuna masa inda zai danna ya yi magana. Kullum da safe sai in ga ya zagaya bayan rumbu da salula. Na ɗauka fitsari ne ya dame shi, har na jiƙa masa magani.

Wata safiya, kamar sati shida da gyaran, muna kan suya na je ɗauko itace, sai na ji shi.

"Ƙulin uwargidana," in ji shi. Shiru. "Ƙulin 'yar mutanen Sassumbrum." Ya yi tsaki. "Wannan waya ba ta da tarbiyya."

Na laɓe. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya kai salula bakinsa ya yi raɗa. Wayar ba ta ji ba. Ya sake, ba ta ji ba. Sai haushi ya kwashe shi, ya ɗaga murya yadda har masu kabu-kabu a bakin hanya suka ji:

"Na ce ƙulin Tsahara! Tsahara ta Dungas!"

Ban san lokacin da na ce "Na'am!" ba.

Mata shida suka saki matsami, suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Malam ya daskare, hula a karkace. Ya ce, "Ba da ke nake ba. Aikin biro nake yi." Sai ya dubi wayar, ya miƙo mini ita. Ga farantina can a sama, ga hannuna da zobena na azurfa. Na Damagaram yana ƙasa. Ranar kasko guda ya ƙone ƙurmus, ban yi wa kowa faɗa ba.

Daga nan kira ya fara shigowa, daga Yamai, daga Kano, har da wata a Agadas. Shi ya sa nake gaya muku, ku masu shirin buɗe wa ƙungiya shafi: kaya mai kyau ba ya isa in mai nema bai same ku ba. Ku je tasha ku saurari yadda mutane ke kiran kayanku, shi za ku rubuta, ko da bai yi muku girma a kunne ba. In kun bar sunanku a ƙasa, wani zai ɗauka.

Malam bai sake kuskuren yi a gabana ba. Amma kullum da safe yana bayan rumbu, ni kuma kullum sai itace ya ƙare mini a daidai wannan lokaci. Shekara guda muka yi a haka, ciwon ya taso daga gwiwa ya kama zuciya, aka kai shi asibiti a Magaria. Jira ni, sakatariya.

To. Ran Alhamis da hantsi ya farka ya gan ni zaune. Ya lalubo salular a ƙarƙashin matashi, ya sa mini a hannu, ya rufe da nasa. Na sunkuya, ina tsammanin wasiyyar gida zai yi. Sai ya ce:

"Shef, ki sa Rabi ta ɗauki sabon hoto. Kada na Damagaram ya hau kanki don ya ji ina kwance. Ke wurinki sama ne."