Ɗorawar Inna a Gonar Kawu

Da aka raba gadon kakanmu, gonar da ke hanyar Zango ta faɗa hannun Kawu, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma aka ba Inna. Haka ake yi a wajenmu, ƙasa ta wani, itace na wani. Shekara da shekaru Inna tana shiga gonar ƙanenta da ƙugiya, ta kaɗo ɗorawa, ta dafa kalwa, ta yi daddawar da ta rene mu da ita. Shi kuma Kawu bai taɓa daina ƙorafin inuwar tana hana geronsa tashi ba.

Zafi ya ƙaru, damina ta gajarta, ɗorawar gonakin maƙwabta suka riƙa bushewa daga sama, ɗaya bayan ɗaya. Ta Inna kaɗai ba ta fasa fure ba. Labarinta ne ya kawo wata malamar jami'a garinmu. Ta tsinki ganye ta tafi da shi. Da ta dawo ta ce sun duba ƙwayoyin gadon itacen, sun ga abin da ke sa shi jure zafi da ƙishirwa. Inna ta miƙa mata kwanon kalwa ta shuka. Malamar ta ce kalwa ba ta da tabbas, don jemagu ne ke haɗa furen wannan da na waccan, ba a san uban ba. Reshe mai rai suke so, su yi masa aure da ƙananan dashe, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta aurar da 'ya'ya huɗu, ga na biyar ya zo. Aka ajiye magana sai dashen sun isa.

Inna ba ta kai lokacin ba. Ta rasu da bazara, bayan jinyar kwana tara.

Kawu ya zauna karɓar gaisuwa har kwana uku, ya yi kuka, na gani da idona. Ba a yi sadakar arba'in ba ya tara kara a gindin ɗorawar ya cinna wuta. Ya ce wa mutane sharar gona yake yi, iska ta ja wutar. Na je na duba. An jera karan ne a kewaye, kamar za a gasa tukwane. Na same shi a zaure na tambaye shi. Bai ɗago kai ba.

"Mai ita ta tafi, 'yar nan. Itace ne fa."

Na fita. Na buga wa malamar waya. Gindin ya ƙone, amma rassan sama ba su gama mutuwa ba. Washegari suka zo suka yanki abin da ya samu. Yawancin auren bai kama ba. Bakwai suka kama.

Ni aka ba kula da su, a wani fili da aka kewaye kusa da rijiya. Daga bakwai ɗin muka riƙa yankar reshe muna ƙarawa. A gefe akwai layin dashen da ba a aurar ba, na kalwar kasuwa. Suna ƙanana, duk wanda bai san aikin ba ba zai raba su ba.

Shekara uku bayan haka iskar farkon damina ta binne shukar Kawu da rairayi har sau biyu, don babu abin da ya rage a gonar mai tare ta. Ya zo filin da kansa, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya yi ta gaisuwa. Ya ce ya ji ana raba jikokin ɗorawar 'yar'uwarsa, kuma ai jini ba ya ƙarya.

Na daɗe ina jiran ranar nan, na tanadi maganganu masu zafi. Ko ɗaya ban faɗa ba. Na shimfiɗa masa tabarma, na ba shi ruwa. Na shiga layin kalwar kasuwa na zaɓo masa guda biyar, masu kyan ganye.

"Ga su, Kawu. A ba su ruwa safe da yamma."

Ya sa mini albarka.

Shekara biyu ke nan yana ba su ruwan. Ina ganinsa da jarka a kan jaki, ya kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Na san ƙarshen irinsu a ƙasar nan: su yi kore shekara biyu ko uku, bazara mai tsanani ta zo, su bushe daga sama. Biyu sun riga sun fara. Na san abin da na yi, na san kuma za a tambaye ni ranar gobe kiyama. Wani lokacin bayan sallah nakan yi niyyar zuwa in gaya masa. Sai in bi ta gonar, in ga baƙin kututturen, in ce wa Kawu sannu da aiki, in wuce.