Rairayin da Yaya Bai Taka Ba

Yayana ne ya fara zuwa Ingila a gidanmu. Ya zauna a Birmingham, ya yi shekaru yana tuƙin tasi, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Ni na biyo shi daga baya, na sami aikin nas a wani asibiti da ke kan Oxford Road a Manchester, muka kama gida a Gorton ni da 'yata. Ni ce auta a ɗakin mahaifiyarmu, kuma har na yi furfura da Auta yake kirana.

Wani fasinja ne ya ba shi labarin wurin. Tsohon Bature ne ɗan Scotland, ya ɗauko shi daga filin jirgi, suka yi ta hira. Mutumin ya ce a can ƙuryar arewa, inda ƙasar ta ƙare, akwai wani bakin teku da mota ba ta kaiwa, sai ka ajiye ta ka taka da ƙafa ta cikin daji. Babu shago, babu gida, ruwa ne da rairayi kawai. Maganar ta shiga ran Yaya. Duk Kirsimeti, in mun haɗu a gidansa bayan an tashi daga coci, sai ya ce, "Auta, bana fa za mu je ƙarshen ƙasar nan."

Matarsa takan ce, "Ku je lafiya. Ni sanyin Birmingham ma ya ishe ni."

Ba mu je ba. Wata shekarar ban sami hutu ba, wata shekarar shi ne aiki ya riƙe. Akwai shekarar da Mama ta rasu muka tafi gida Filato jana'iza, sai kuma yaransa suka shiga uni, wato jami'a. Babu wanda ya ƙi tafiyar. Muna ganin hanyar tana nan, mu ma muna nan.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi wata safiya yana shirin fita aiki. Allah ya taƙaita, bakinsa ya dawo daidai, hannun ma ya yi sauƙi, amma ƙafar hagu ta rage tana ja. Aka hana shi tuƙi. Da bazara ta zagayo ya kira ni a waya, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ki ɗauki hutu. Ke za ki ja motar."

Na ce, "Yaya, likitanka, GP ɗin nan, ya sani?"

Ya ce, "GP ne zai biya kuɗin mai?"

Matarsa ta rako shi Manchester a jirgin ƙasa, da kula cike da dafa-duka da soyayyen nama, da garin acca, da yaji a kwalba. Ta ja ni gefe ta nuna mini magungunansa ɗaya bayan ɗaya, kamar ba ni ce nas ɗin ba. Washegari muka kama hanya mu uku: ni a sitiyari, Yaya a gefena da sandarsa tsakanin gwiwoyi, 'yata a baya da abin jin waƙa a kunne. Lokacin tana shekarar ƙarshe kafin uni. A Manchester aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, shi ya sa Yaya yake ce mata Baturiya.

Ɗaukar tsohon direba a mota wahala ce. Duk lokacin da wata mota ta rage gudu a gabanmu, sai in ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa.

Na ce, "Yaya, babu birki a ɓangarenka fa."

Ya ce, "Da akwai, da tuni na taka."

Bayan mun wuce Inverness duniya ta canja. Gidaje suka yi ta raguwa har suka ƙare. Hanyar ta tsuke ta zama ta mota ɗaya, sai 'yan wuraren ratsewa nan da can, inda za ka tsaya wanda ke tahowa ya wuce. Al'adarsu a can, duk wanda ya wuce sai ya ɗaga maka hannu. Yaya ya karɓi wannan aikin, yana ɗaga hannun damansa ga kowa, har da tumakin da ke kwance a tsakiyar kwalta suna tuƙa ba su da niyyar tashi. Muka ga shanu jajaye masu gashi har ya rufe musu ido. Yaya ya sa na tsaya, ya sauke gilashi ya daɗe yana kallon wani bijimi, ya ce, "Wannan in ka kai shi kasuwar Mangu, kallo kawai za a yi ta yi, babu mai tayawa."

Duwatsun ne suka fi taɓa shi. Manya-manya, tsirara, babu bishiya, gajimare na zaune a kansu. Ya ce kamar na bayan ƙauyenmu, sai dai waɗannan ba su taɓa jin zafin rana ba. A daidai nan network ya ɗauke. 'Yata ta cire abin kunnenta, ta matso tsakanin kujerunmu tana tambayarsa yadda suke kiwon awaki a kan dutse suna yara. Ya ba ta labaran da ni ma ban taɓa ji ba, don lokacin ba a haife ni ba.

Mun kwana a wani ƙaramin gida na haya a ƙauyen masunta. Da yamma muka ce bari mu ci abinci a waje muna kallon ruwa, sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo, kamar hayaƙi, suka rufe mu. Muka kwashi faranti muka gudu ciki, Yaya a baya yana jan ƙafa yana kaɗa hula, yana cewa gara sauro, shi aƙalla yana sallama kafin ya ciji mutum.

Ranar da ta fi kowace daɗi ita ce ta jirgin ruwa. Wani masunci ne ke ɗaukar baƙi a ƙaramin jirginsa. Shi da 'yata suka tallafi Yaya ya shiga. Muka zagaya wasu tsibirai inda tsuntsaye suka yi wa duwatsu fari fat, muka ga dabbobin ruwan nan masu kai kamar na kare suna kwance suna shan hantsi, ɗaya ta ɗago ta kalle mu ta koma barcinta. Igiyar ruwa ta daki jirgin ta watsa wa Yaya a fuska. Ya lashi leɓe ya ce, "Gishiri ya ji." Ya yi dariya har da hawaye. Tun kafin ciwon ban ji ya yi irin wannan dariyar ba.

Washegari muka nufi bakin tekun nasa. Muka ajiye mota a inda kwalta ta ƙare. Hanyar ƙafa ce ta tsakuwa, tana bi ta cikin fili mai ciyawa da ƙananan tafkuna, iska na kaɗawa ba abin da zai tare ta. Yaya ya fara da ƙarfinsa, yana dogara sanda yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Can sai waƙar ta tsaya. Na ga ƙafar hagun ta daina ɗagawa, tana sharar tsakuwa. Muka huta, muka ci gaba, muka sake hutawa. Wasu matasa da suka taho a bayanmu suka wuce, har suka ɓace mana. A wani ɗan gangare ƙafar ta harɗe, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Muka ɗaga shi muka zaunar a kan wani faffaɗan dutse a gefen tafki. Na riƙe wuyan hannunsa, na dubi fuskarsa. Ba sabon ciwo ba ne, gajiya ce, amma ko rabin hanya ba mu yi ba.

Na ce, "Yaya, mu koma."

Ya daɗe yana kallon inda hanyar ta miƙe ta hau tudu. Sannan ya ce, "Ku je. Ina nan."

"Ba zan bar ka a daji ba, ga shi babu network."

"Auta, ni ne babba ko ke?"

'Yata ta ce, "Kawu, I'll stay with you. Mum ta je."

Ya ce, "Ke ma tafi, Baturiya. Na kawo ku tun daga Manchester don ku zauna ku yi gadin tsoho? Ku je ku gani."

Na san muryar. Na lulluɓa masa rigar ruwa, na ajiye masa shayi da maganinsa a gefe, muka tafi. Ina tafiya ina waiwaye har tudu ya raba mu.

Wurin ya fi yadda fasinjan ya faɗa. Daga kan tudun ƙarshe sai ga shi a ƙasa: rairayi mai ɗan ja-ja, shimfiɗe har ido ya gaji, tekun kore a kusa, baƙi a nesa, ga wani dogon dutse tsaye shi kaɗai a cikin ruwa. Ƙarar igiyar ruwa tana shiga har ƙirji. 'Yata ta cire takalma ta ruga, ruwan ya taɓa ƙafarta ta ƙwalla ƙara don sanyi, ta sake komawa. Ni kuwa na tsaya da jaka a kafaɗa. Idona na kan teku, hankalina na kan dutsen can da muka bar Yaya zaune. Ba mu jima ba na ce mata mu tafi.

Mun same shi inda muka bar shi. Yayyafi ya jiƙa masa hula, ƙwarin nan sun yi masa rugu-rugu da goshi. Da ya hango mu sai ya ɓata rai.

"Har kun dawo? Wannan doguwar hanya, ku je ku leƙa ku juyo?"

'Yata ta ciro waya za ta nuna masa bidiyo. Ya ture ta a hankali ya ce, "Wannan zan gani a gida. Ba ni labari da bakinki. Da Hausa."

Ta zauna kusa da shi ta fara, tana tuntuɓe. Ta ce ruwan yana da fushi. Ya ce, "Haka ne, faɗi." Ta ce rairayin yana da laushi kamar garin tuwo, ta ce dutsen yana tsaye kamar soja. In kalma ta ɓace mata sai ta saka Turanci, shi kuma ya miƙa mata ta Hausar. Idonsa a rufe yake yana saurare. Ni na juya baya ina kallon tafkin don kada su ga fuskata.

Komawa mota ta ɗauke mu har la'asar, yana rataye da kafaɗunmu. A hanyar dawowa Manchester ya yi ta shiri: zai dage da motsa ƙafar a asibiti, baɗi mu zo da wuri, mu kwana kusa. Na ce to. Amma ƙafar ba ta ƙara ƙarfi ba. Da hunturu ya faɗi a banɗaki, ƙashin ƙugu ya tsage, tun daga nan keken guragu ne. Council, wato ƙaramar hukuma, ta ba su gida a ƙasa, ba hawa bene. 'Yata a Birmingham ta sami uni, ranar Lahadi bayan coci takan je ta tura shi su zagaya unguwa.

Abin da ke cina shi ne shekarun da Yaya yake da ƙafafunsa biyu, yana iya wuni a tsaye, yana ɗaukar akwatunan fasinja kamar ba komai. A kowace cikinsu tafiyar kwana kaɗan ce, da ya taka wannan hanyar yana waƙa har bakin ruwa, ya bar mu a baya.

Kwanan baya na je duba shi. Ina kicin da matarsa sai ta ɗauko wani kwali daga saman kabad. Takalman hawan dutse ne, sababbi, ko igiyarsu ba a zura ba. Ta ce ya saye su tun shekaru kafin ciwon, ya ajiye. Lokacin tafiyarmu ƙafar ta kumbura, ta ƙi shiga, shi ya sa ya tafi da takalmin roba. Ya ce a bayar da su, kada su lalace a banza. Ta tambaye ni ko akwai mai irin ƙafarsa a cocinmu. Na rungumo kwalin a jirgin ƙasa har Manchester. Wani ɗalibi ɗan Kafanchan da ke zaune a Hulme ya gwada, suka yi masa daidai.